Ruwan da Gergina ke zubawa gaban mota

Duk wanda ya zauna a garin Troyan ya san motar Bai Nedyalko, wato Baba Nedyalko, kafin ya san shi kansa. Moskvich ce koriya, irin ta da, wadda ƙarar injinta ke riga ta shan kwana. Ya saye ta tun yana sabon magidanci, zamanin da sai mutum ya rubuta suna ya yi shekaru yana jira, kuma ranar da layi ya zo kanka ba mai tambayarka launin da kake so. Shi shuɗiya ya so, koriya aka miƙo masa. Ya kai ta gida, ya zagaya ta, ya shafa bonet, ya ce ai dama kore ya fi. Halin Nedyalko ke nan tun yana yaro, abin da ya shigo hannunsa shi ne ya fi na kowa.

Ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar injinan lantarki, yana naɗa waya, har gashinsa ya yi fari aka sallame shi da fansho. Daga nan ya koma wa ƙudan zuma. Yana da amya jere a bayan gida, kuma duk Asabar sai ya naɗe kwalaben zuma da tsoffin jaridu, ya jera su a kujerar baya, ya nufi kasuwar Lovech. Sa'o'insa tuni suka sayar da tsoffin motocinsu ga masu gwangwan suka sayi na Jamus. Shi kuwa tasa tana gareji, lulluɓe da bargon da ya fi na gadonsa kauri. Da aka soma yayin tsoffin motoci, samari na tsayar da shi a hanya suna ɗaukar hoto, ɗansa Stanimir da ke aiki a Sifen ya nace har sai da aka yi mata inshora irin ta motocin tarihi. Nedyalko ya yi ta gunaguni, amma ya sa hannu.

Matarsa Gergina masaƙiya ce, ta yi rayuwarta tana saƙa shimfiɗun ƙasa masu ratsi-ratsi. 'Yar guntuwa ce, ga baki. In ta yaba maka, to ka duba bayanka, wataƙila da wani take.

A wajenmu ba a barin mutum ya kama hanya a bushe. Yaro zai fara makaranta, amarya za ta bar gida, saurayi zai tafi soja, sai an zuba ruwa a gabansa don tafiyar ta yi sauƙi. Yawancin mutane sai tafiya ta yi tafiya suke tunawa. Gergina kuwa ko Lovech ɗin nan da ke bayan tudu, sai ta zuba. Tana da ƙaramin tulun yumɓu da uwarta ta ba ta. Nedyalko zai fito da mota ya tsaya a bakin ƙofa, ita kuma ta tsaya gabansa, ta watsa ruwan a ƙasa, sannan ya sa giya. Sun fi shekara arba'in a haka. Ranar da suka kwana da faɗa ma tana zubawa, sai dai ta zuba tana kallon wani gefe.

To, wata Asabar cikin tsakiyar hunturu, sanyi ya yi abin da ya daɗe bai yi ba. Famfon tsakar gida ya daskare, ruwan tulu ma da ta manta a baranda ya zama dutse. Nedyalko ya riga ya fito da mota tun da safe ya bar ta a waje, gilashi ya yi fari fat, ya kankare 'yar taga daidai idonsa ya shiga ya zauna. Gergina ta jijjiga tulu, ko ɗigo. Ta ruga ɗakin girki, ta sunkuto butar shayi daga kan murhu, ba ta ko tsaya ta taɓa jikinta ba. Ta fito da sauri, santsi ya ɗan kwashe ta, hannu ya yi sama, ruwan da ya kamata ya sauka a ƙasa ya tsallake bonet ya faɗa kan gilashi.

Wani ɗan sauti aka ji, ƙas, ba ma mai ƙarfi ba. Da tururi ya washe, sai ga tsaga ta tashi daga wannan kusurwa ta sauka a waccan. Gilashin da ya zo da motar daga masana'anta, wanda ya tsallake ƙanƙarar sama da tsakuwar tireloli duk shekarun nan, ya tafi.

Nedyalko ya kashe inji ya fito. Abin ya yi masa ciwo, kuma bai iya ɓoye ciwo a fuska. Amma da ya dubi matarsa sai ya manta da gilashi. Tana tsaye da buta a hannu, tana kallon hannun kamar na wata ne aka ara mata.

"Gino, kin ƙone?"

"Ruwan zafi na ɗauko, Nedyo," ta ce a hankali. "Ni. Ruwan zafi a kan gilashin da ya daskare. Ko jikarmu ta san ba a yi."

"Sauri kike."

"Haka ruɗewar Mama ta fara. Yau gishiri a kofi, gobe takalmi a tanda. Kai ma ka gani da idonka." Ta ajiye butar a kan ƙanƙara. "Na rantse da kabarinta, hannun nan ba zai sake zuba ruwa gaban kowa ba. Na gama."

Ya san rantsuwar Gergina. Ta taɓa rantsewa ba za ta sake taka gidan wata ƙawarta ba, kuma matar har ta mutu ba ta ga ƙafarta ba. Ranar nan ta wanke tulun, ta kife shi a can saman kabad inda sai an hau kujera.

Kafin rana ta take, Tsonko maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga. Tsohon direban bas ne, kuma babu abin da ke faruwa a layin nan da zai wuce shi. Ya shigo, ya duba tsagar, ya tsotsi haƙori.

"Maƙwabci, ai wannan tsakuwa ce."

"Ba tsakuwa ba ce."

"Na ce maka tsakuwa ce. Tirela ta wuce ka a hanyar Lovech ta harbo maka. Ka samo ƙusa mu ɗan ƙwanƙwasa nan, a ga wurin da ta buga. Inshora za su biya ko tari ba za su yi ba. Amma ka ce musu matarka ta dafa maka gilashi, sai su ce ganganci ne, su yi maka sallama."

Gergina ma, da ta ji, ta goyi bayan Tsonko, abin da ba ta taɓa yi ba tunda suka zama maƙwabta.

"Ka ce tsakuwa," ta ce. "Ba don kuɗin ba. Kada a mayar da ni abin hira a layin burodi."

Ma'aikaciyar inshorar ta zo cikin makon. Rumyana sunanta, mace mai fara'a da jan hanci saboda mura. Ta zagaya motar tana ɗaukar hoto da waya, tana cewa kakanta ma irinta gare shi. Gergina ta kawo mata kofi da yankan banitsa mai ɗumi, gurasarsu mai cuku, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"To, Bai Nedyalko, me ya same shi?"

Kada a ɗauka Nedyalko waliyyi ne. Mutumin nan ya shekara yana yi wa likita ƙarya kan abin da yake kurɓa da yamma, kuma duk kwalbar zumarsa a bakinsa daga furen dutse take. Amma ya juya maganar nan a ransa ya ga inda take ɗaure. In ya ce tsakuwa, ya yarda da Gergina ke nan cewa abin da ta yi abin ɓoyewa ne, kuma ita za ta ci gaba da ɗauke da shi a ciki ita kaɗai.

"Matata ce ta zuba min ruwan tafiya," ya ce. "Famfo ya daskare, ta ɗauko na buta."

Rumyana ta sauke wayar. Ta dubi Gergina, ta dube shi, ta share hanci.

"Murar nan ta toshe min kunne, Bai Nedyalko. Ban ji da kyau ba. Sake faɗa min, a hankali, ka yi tunani."

Sai ya sake faɗa, da ƙarfi, har Tsonko da ke laɓe bayan katanga ya dafe kai.

"Ruwan tafiya ne. Fiye da shekara arba'in tana zuba min, ban taɓa ko goge fenti ba. Rana ɗaya ya zo da ɗumi. Rubuta haka."

Rumyana ta yi ajiyar zuciya ta ce masa gaskiya, abin da suka ɗauka shi ne tsakuwa da ƙanƙarar sama da ɓarnar ɓarayi, ruwan zafi daga hannun mutanen gida ba ya ciki. Za ta rubuta, amma kada ya sa rai. Da za ta tafi ta tsaya gaban Gergina, ta kira ta lelya, wato gwaggo.

"Lelya Gergina, ni ma uwata sai ta jiƙa min takalmi duk ranar da zan yi tafiya. Kada ki damu kanki."

Gergina ta bi ta da kallo. Sai da motar matar ta ɓace sannan ta juyo kan mijinta.

"Ka ji daɗi? Ga asara, ga tonon silili. Tsoho, kanka ɗaya kuwa?"

"Ban ga silili ba," ya ce, yana tattara kofuna.

Inshora dai ba su biya ba. Labari kuwa ya zaga gari kamar yadda ta ji tsoro, sai dai bai zaga yadda ta zata ba. Mata a layin burodi suka riƙa cewa mazansu, da ka ba su tsakuwar nan, da sun rantse sun ga lambar tirelar. Gergina ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba, kuma tulu bai sauko daga kabad ba.

Sauran hunturun Nedyalko a bas ya yi shi, da zuma cikin jaka a kan cinya. Ba wahalar bas ce ta dame shi ba. Fita ce ta dame shi. Zai ja ƙofa, ya waiwaya, ba kowa a baranda, sai labule. Shi bai taɓa yarda cewa ruwa na riƙe taya a kan kwalta ba, ko kaɗan. Amma ya yi kewar abin har cikin ƙashinsa, kuma ya fi jin tsoron abin da yake gani a gida. Gergina ta daina yanka burodi in yana kusa, sai ta miƙa masa wuƙa. Ta daina zuba wa baƙi kofi. Saƙar da ta ɗora kafin Kirsimeti tana nan yadda ta bar ta, ƙura na hawa.

Gilashi kuma ya ƙi samuwa. Masu gilashin mota a Lovech suka yi masa dariya, ɗaya ya ce ya gwada gidan ajiye kayan tarihi. Yana cikin wannan, wata safiya da ƙanƙara ta fara narkewa, ya leƙa katanga don ya ari tsani wajen Tsonko, sai idonsa ya faɗa kan lambu. Can kusa da bango Tsonko ya yi ɗan akwatin katako ya yafa irin barkono, ya rufe shi da wani lanƙwasasshen gilashi da laka ta dame. Nedyalko ya san lanƙwasar nan kamar yadda ya san tafin hannunsa.

"Tsonko, wancan na mene ne?"

"Na barkono."

"Kafin barkono."

Tsonko ya sosa ƙeya. Ashe na tsohuwar Moskvich ɗinsa ce, wadda ya sayar tun da daɗewa. Ya cire gilashin kafin masu gwangwan su ja ta, kuma shekara da shekaru shi ke reno masa barkono.

"Kana kallona ina yawo gari-gari, kai kuma kana da shi a kan taki?"

"Ka tambaye ni? Shawara na ba ka ka watsar. Kuma ko yanzu ba za ka taɓa shi ba sai barkonona ya yi ƙwarin dashe. Motarka ta jira, ai ta saba jira."

Haka aka yi. Nedyalko ya zama mai gadin barkonon Tsonko, kullum yana leƙe yana tambayar ganye nawa suka fito, yana korar kyanwa kada ta hau gilashi. Da bazara ta kankama aka dasa barkono, su biyu suka ɗauko gilashin kamar masu ɗauke da majinyaci. Tsonko ya karɓi zuma, ya ce ta yi ruwa. Nedyalko ya wanke gilashin da ruwan tsami da jarida har ya fito tas, sai wani ɗan karce a ƙasa, wanda ya ce ai dama yana taimaka wa ido.

Irin waɗannan motoci ba a manna musu gilashi da gam. Roba ce ke riƙe shi. Ana sa wa gilashin robarsa a kewaye, a cusa igiya siririya cikin kwarmin robar, a shafe da ruwan sabulu, a ɗora a mazauninsa. Mutum ɗaya yana waje yana dannawa da tafin hannu, ɗaya yana ciki yana jan igiyar, ita kuma tana janyo leɓen robar ya hau kan ƙarfe. In na ciki ya fizga, roba ta yage. In ya yi sanyi, ta zame. In suka saɓa a kusurwa, gilashi ya tafi, kuma babu wani barkonon da za a je a kwance.

Tsonko ya naɗe hannun riga ya ce shi zai ja.

"Kai da ka shekara talatin kana fizgar giyar bas? Je ka zauna." Nedyalko ya shiga gida. "Gino, zo ki ja min igiya."

"Ka haukace. Na fasa ɗaya, kana so in fasa na biyu?"

"Zare ne. A layin nan wa ya san nauyin zare kamar ke?"

"Da can. Ka nemi mai hankali."

Bai yi musu ba. Ya ɗauko gilashin ya jingina shi a ɗakin girki, tsakanin murhu da teburi, ya ce nan ne kawai ba iska. Gergina ta kwana biyu tana raɓawa ta gefensa da tukunya a hannu, tana tsine wa Moskvich da wanda ya ƙera ta. Rana ta uku ta kwance ɗankwalin girki ta jefar a kujera.

"Fitar min da abin nan daga ɗaki. Ina igiyar taka?"

Ta duba igiyar da ya tanada ta ce wannan ta ɗaure akuya ce. Ta je ta yanko ta shanyarta, ta goga mata kakin zuma, ta shiga mota ta zauna a kujerar gaba. Nedyalko ya cusa igiyar cikin robar, aka ɗora gilashin a mazauninsa. Ya ɗora tafukansa a kan gilashi, ita ta naɗa bakin igiya a yatsu biyu. Suna fuskantar juna, gilashi a tsakani.

Ta fara ja daga ƙasa. Robar ta soma hawa, kaɗan-kaɗan, yana bin hannunta da nasa daga waje. Kafin su kai kusurwar farko yatsunta sun gane aikin da suka sani. A kusurwar sama igiya ta cije. Tsonko ya buɗe baki zai ba da shawara, Gergina ta harare shi ta cikin gilashi, ya rufe. Ta saki kaɗan, ta juya igiyar a hankali kamar mai lallashin zaren da ya sarƙe, ta ce, "Danna nan. Ba can ba, kurma, nan." Ya danna. Leɓen ya haye. Da ƙarshen igiya ya fito a hannunta, gilashin ya zauna daram, Nedyalko ya buga shi da tafi ko motsi bai yi ba.

Ta daɗe a zaune a ciki tana kallon lambu ta gilashin. Sannan ta fito ta ce ya bar sabulu a kan kujera, ƙazami kawai. Da yamma ya ji ƙarar masaƙa daga ɗakin baya, ya yi zamansa a baranda yana murmushi shi kaɗai.

Asabar ta zo. Ya jera zuma, ya fito da mota, ya tsaya a bakin ƙofa inji na aiki. Gergina ta fito baranda, hannu a harɗe, ba tulu. Ya jira. Mai na ƙonewa, Tsonko ya kafa haɓa a katanga.

"Kada ka kalle ni haka," ta ce. "Gilashi daban, rantsuwa daban. Da kabarin Mama na rantse."

"Na sani."

Ya fito, ya shige ta ya shiga gida. Ta ji jan kujera. Ya dawo da tulun cike da ruwan famfo, ya buɗe ƙofar gaba ta ɗaya gefen.

"Shiga."

"Ina za ni? Kaji fa?"

"Tsonko zai duba su, ai yana son duba abin mutane. Kin rantse ba za ki zuba ba, ba ki rantse ba za a zuba miki ba. Shiga, Gino, mai na ƙarewa."

Ta tsaya kamar za ta yi faɗa. Sai ta koma ciki, ta fito da mayafinta na zuwa coci da jaka, ta shiga ta zauna tana gyara siket. Nedyalko ya je gaban mota ya tsaya inda take tsayawa, ya ɗaga tulu, sai ya tsaya cak. Duk shekarun nan yana ciki ne, taga a rufe, inji na ruri. Motsin bakinta kawai yake gani. Ya zagayo wajen tagarta, ta sauke masa ita.

"Me ake cewa ma? Hanya ta tafi kamar ruwa, ko?"

"Haka mutane ke cewa."

"Ke fa?"

Ta dubi jakar da ke cinyarta, ta buɗe ta, ta rufe.

"Ni ba na cewa komai mai tsawo. Ka dawo, nake cewa."

Nedyalko ya koma gaban motar. Ya karkata tulun da hannu biyu, ruwan ya zubo gaba ɗaya ya jiƙa masa takalma har safa. Ya dube ta ta cikin gilashin, ya faɗa da ƙarfi yadda zai fi ƙarar inji.

"Mu dawo."

Gergina ta leƙo ta taga. Idonta ya cika, muryarta kuwa tana nan yadda take.

"Ajiye tulun a inuwa, kada ya tsage. Ka zo mu tafi, kasuwa za ta watse."